Hortense Ba Ta Nutse Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, amma ba da kai a sunkuye ba, ni Solange Amirault, a madadin kakata Eulalie Amirault da sauran mutanen gidanmu na bayan coci, nake sanar da jama'ar Saint-Aubin da na ƙauyukan bakin tafki rasuwar kabewarmu, kuma kwale-kwalenmu, Hortense. Ta cika ranar Lahadin tseren kwale-kwalen kabewa da yamma, a gindin gadar katako inda ake ƙare tseren. Ta rasu tana da wata uku da 'yan kwanaki, wanda a wajen kabewa tsufa ne mai kyau.

Ban taɓa rubuta abin da wani zai karanta ba in ban da malamaina, don haka in an ga kuskure a yafe mini. Amma akwai kuskure guda wanda ba nawa ba ne, kuma shi ya sa na ɗauki alƙalami. A takardar sakamako da Ƙungiyar Manoman Kabewa ta manna a ƙofar kanti, an rubuta a gaban lamba tara: ta nutse. Hortense ba ta nutse ba.

Kowa ya san nauyin wannan kalma a nan. A garin da babu gidan da bai ba teku mutum ba, ba a shuka irin kabewar da ta nutse. Ba a rubuce yake ba, ba kuma wanda zai faɗa da baki. Sai dai in an zo rabon iri a watan Janairu, hannu yakan tsallake ambulan ɗin da aka zuba irinta kamar yadda ƙafa ke tsallake kabari. Kaka ta haura tamanin, gwiwoyinta kuma sun riga sun sanar da ita cewa noman bana shi ne na ƙarshe. Idan babu wanda ya shuka 'ya'yan Hortense baɗi, zuriyar ta ƙare ke nan. Shi ya sa zan faɗi yadda ta rasu dalla-dalla. Amma a yi mini haƙuri in fara da asali, kamar yadda ake yi wa kowane mamaci mai mutunci.

Marigayiya 'yar Clothilde ce ta bara, jikar Honorine wadda barewa ta ci wa gefe, haka har a kai ga ƙwayar da kakana Placide ya zo da ita a cikin gwangwanin tabarsa. Ya shuka ta a watan Mayu, ya fita kamun kifi a watan Yuli, jirginsu bai dawo ba. Kaka ce ta girbe kabewar. A lokacin an ba ta shawara ta zubar da irin, wai ba shi da sa'a. Ta yi godiya, ta zuba wa masu shawarar shayi, da shekara ta zagayo ta shuka. Tun daga nan ba ta taɓa fashi ba. Ba zan yi wa zuriyar ƙarya ba don tana cikin makoki: ba su taɓa zuwa na ɗaya a awo ba. Ba su da jan nan mai ɗaukar ido na kabewoyin Mista Zwicker, shugaban ƙungiya. Fatarsu kamar ta wanda ya daɗe yana jinya, jikinsu a karkace, amma bangonsu kauri, kuma sanyi ba ya razana su.

Hortense ta gaji duk wannan, ta ƙara da haƙuri. A gefe guda ta kwanta a kan yashin da muka shimfiɗa mata, ba ta taɓa neman a juya ta ba. Abin da take sha a yini ya fi na shanu biyu, amma ba ta taɓa sha ba tare da an ga inda ya tafi ba. Don kada rana ta busar mata da fata, Kaka ta lulluɓe ta da zanen gadon aurenta, mai furanni shuɗi, wanda ko baƙi ba a shimfiɗa wa. Da na tambaye ta, cewa ta yi, "Ya gaji da zaman akwati, shi ma ya sha iska."

Ni kuwa a inuwarta na yi hutun bana. Nakan jingina da ita in yi mata karatu da ƙarfi. Ba don na yarda kabewa na ji ba, a'a, don nan ne kawai yayana Fabien ba ya zuwa nemana, tunda in ya shigo gonar sai Kaka ta miƙa masa fartanya. Shi ne ya sa mini suna Gara, wai ba na barin littafi sai na cinye shi. Hortense ba ta taɓa kirana da wani suna ba. Ba ta taɓa cewa in ɗaga murya ba, ko in daina in'ina. Ita ce ta farko da na karanta wa shafi guda har ƙarshe muryata ba ta yi rawa ba.

Ba mai yawan magana ba ce, amma tana da murya. In Kaka ta buge ta da tafin hannu don jin kaurinta, takan amsa da dum, can ƙasa, kamar an rufe ƙofar coci daga nesa. Da sassafe a watan Agusta, lokacin da take girma har ana gani, fatarta takan yi ƙiiƙ a hankali. Na ji da kunnena. Fabien ya ce cikina ne.

Rashin lafiyarta ya fara ne a ƙarshen Agusta, da aka yi ruwan nan da ya ƙi ɗaukewa. Ta sha fiye da yadda fatarta za ta iya, wannan kam ita ce haɗamarta guda a rayuwa, sai ta tsage a ƙasan haƙarƙari, kusa da inda take kwanciya. Tsagar ba ta fi tsawon yatsa ba. Kaka ta durƙusa da gwiwoyin nan nata ta wanke wurin, ta barbaɗa farar wuta, sannan ta sa na ciro fankar ɗakinta, muka ja waya ta taga har gona. Ita ta kwana cikin zafi, kabewa ta sha fanka. Ciwon ya bushe, ya yi ɓawo, muka ce an tsira.

Ranar awo, Asabar, jajiberin tsere, tarakta ta ajiye ta a filin bakin tafki a layin sauran. Mista Wendell Zwicker, shugaban ƙungiya, yana bin su ɗaya bayan ɗaya da tsinken tsintsiya a bayan kunne. Doka ce, kuma ban ce ba doka ba ce: duk kabewar da tsinke ya shige ta har ciki, ba ta hawa sikeli. Ya zagaya Hortense, ya tsuguna, ya daɗe a tsugune.

Ya ce, "Madam Amirault, kin san doka."

Kaka ta ce, "Na san ta tun kana satar tuffa a bayan gidana da yagaggen wando. Tura tsinkenka, Wendell."

Ya tura. Tsinken ya yi ta shiga, ya yi ta shiga, har ya kuɓuce masa ya faɗa ciki.

"Ba za ta hau ba. Ki yi haƙuri."

"To ka shiga ka ɗauko tsinkenka. Ba ta cin tsintsiya."

An yi dariya. Ƙofa biyu ce kawai iri ke bi ya hau teburin rabo: ko uwarsa ta hau sikeli, a rubuta nauyinta da sunan gidansu a jikin ambulan, ko kuwa ta ƙetare tafki da mutum a cikinta. An rufe mana ɗaya. Saura ɗaya.

Fabien ne ya saba tuƙa mana kowace shekara. A wajen cin abincin yamma ya ture farantinsa ya ce, "Kaka, ina ƙaunarki, amma ba zan durƙusa a cikin abu mai rami ba. Mutum ɗaya da gidan nan ya ba ruwa ya isa." Yana rufe baki ya san abin da ya faɗa. Kaka ba ta kalle shi ba. Ta miƙe, ta shiga ɗaki, ta fito da tsohuwar hular ruwa ta kakanmu, ta ɗora a kanta ta ɗaure igiyar a haɓa.

Ta ce, "To ni zan tuƙa."

"Da waɗanne gwiwoyin?"

"Da waɗanda na goye ubanka da su."

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na dai ji ana cewa, "Ni zan shiga," sai na ga duk sun juyo suna kallona.

Fabien ya ce, "Ke, Gara? Ke da ko a bahon wanka sai kin riƙe gefe?"

Gaskiya ya faɗa, ina riƙewa. Kaka ta kwance hular ta ɗora mini. Ta rufe mini ido, sai da na tura ta baya. Shi kuwa Fabien, don kada a ce ya zauna a gida, ya je ya karɓi aikin tuƙa jirgin ceto.

Yanzu zan faɗi abin da ya faru da safiyar Lahadi, kuma ina roƙon 'yan ƙungiya su karanta wannan wurin a nutse. Ku gafarce ni, a hankali nake nufi. Mafi yawan mutane yanzu a kan tirela suke yanka bakin kwale-kwalensu, a gefen da ya kalli sama a gona, don ya fi sauri. An kawo zarto za a yi wa Hortense haka, Kaka ta sa sandarta ta tare.

Ta ce, "Ba gona za ta ƙetare ba. A tambayi ruwa."

Tarakta ta sauke ta cikin tafki ɗungum, ba a taɓa ta da wuƙa ba. Ta yi lilo. Ta tsaya kamar mai tunani. Sannan a hankali, da wata ƙara mai kama da gulum, ta mirgina, ta kifa bayanta a ruwa, ta ɗago cikinta. Tabon nan da ta yi wata biyu tana ɓoyewa a ƙasa, shi ta nuna wa sama. Kaka ta sa aka jawo ta baki, ta ciro jan-bakinta na zuwa coci ta zana da'ira kewaye da tabon, aka bi da zarto. Ciwon ya fita ɗungurungum a jikin murfin. Ramin da ya hana ta hawa sikeli, shi ya zama ƙofar da na shiga.

Mista Zwicker yana tsaye da takardunsa. Ya ce, "Ai a juye take, Madam Amirault."

Kaka ta ce, "Kai ma a juye ka fito, ungozomar ƙawata ce. Ga shi kana shugabanci."

Muka kwashe cikinta da hannu har kafaɗa. 'Ya'yan muka zuba a bokiti daban, Kaka ta rufe da tawul ta ajiye a ƙarƙashin kujerarta. A nan ne ma tsinken Mista Zwicker ya fito. Yana nan a gidanmu in yana so.

Ba zan ɓoye yadda tseren ya fara ba, tunda duk gari ya gani. Da aka busa ƙaho, sauran suka yi gaba, ni da Hortense muka tsaya muna juyawa wuri guda kamar dutsen niƙa. In na sa filafili a dama, ta juya hagu. In na sa a hagu, ta dawo da ni ina kallon mutanen da na baro, suna riƙe da ciki. Wani yaro ya ɗaga murya ya ce in duba littafi, wataƙila an rubuta. Gwiwoyina suna zamewa a cikin santsinta, ƙamshinta ya cika mini hanci, hular ta sake faɗo mini a ido. Na yi niyyar kuka. Ban fasa don jarunta ba, hannun share hawaye ne babu.

A can na gane halinta. Hortense ba ta son ƙarfi. In ka ja ruwa da zuciya, sai ta juya maka baya. In ka taɓa kaɗan a nan, kaɗan a can, kamar mai lallashin jariri, sai ta tafi. Ta fara tafiya, ruwa yana bugun gefenta, ɓal, ɓal, ɓal. Ba sauri take ba. Ba ta taɓa yin sauri a kan komai ba. Muna tsakiyar tafki na ji an yi shewa a ɗaya gaɓar, na farko ya isa. Muna nan dai a kusan tsakiyar na ji masu kiɗa sun fara, na ƙarshe ma ya isa.

Sai ga Fabien da jirgin ceto, injin yana ruri.

"Gara, kama igiya."

"Ba na so."

"An gama. Mutane sun tafi cin abinci."

"Su ci lafiya."

Ya zagaya ni. Igiyar ruwan da jirginsa ya tayar ta haura bakin Hortense ta zubo mini a cinya. Ya sake zagayowa, ta sake zubowa. Ina so a rubuta wannan da kyau: ko ɗigo bai shige ta ta ƙasa ba. Duk ruwan da aka samu a cikin marigayiya na masu ceto ne. Na cire hular kakana na fara kwarfewa da ita.

"Yaya, ka daina zagaya ni. Kai kake cika ta."

"Za ki mutu a kan kabewa?"

"In ka ci gaba, i."

A daidai nan lasifika ta ce, "Lamba tara, a fito da ita." Zan yi wa Mista Zwicker adalci. Daga inda yake tsaye, abin da ya gani shi ne kabewa ta yi ƙasa, jirgin ceto a gefenta, yarinya tana kwarfar ruwa. Ya rubuta abin da ya zata, ya juya wajen rabon kyaututtuka. Laifinsa guda ne: bai waiwayo ba.

Fabien ya kalle ni, ya kalli igiyar da ke hannunsa. Sannan ya kashe injin. Tafkin ya yi tsit, har ina jin haƙorana suna haɗuwa. Ya bar jirginsa yana bin mu daga nesa da filafili. Can ya ce, ba da ƙarfi ba, "Hagu, Gara. Kina karkacewa. Kaɗan. Yauwa." Bai sake maganar igiya ba.

Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Na san dai rana ta karkata, ruwan cikinta ya kai mini ƙugu, kuma a ƙarshen gadar akwai mutum biyu. Kaka a kan kujerarta, bargo a cinya, bokiti a ƙarƙashi. Sai Madam Lorna Zwicker, matar shugaba, wadda ta sauko wanke tukwanen miyar kifin da ta sayar. Ta tsaya da soso a hannu. Hortense ta matsa, ta matsa, ta goga kafaɗa da ginshiƙin gadar. Na miƙa hannu na kama igiyar ƙarshe, wadda duk wanda ya gama yake kamawa. Madam Zwicker ta ajiye soso ta jawo ni sama.

Da na fita, marigayiya ta yi ɗan lilo kamar wadda aka sauke wa kaya. Ta gangara kaɗan zuwa baki, inda ruwa bai wuce gwiwa ba, ta zauna a kan laka. Ta yi wata doguwar ajiyar zuciya, haaa, gefenta ya buɗe daga sama har ƙasa. Kalmarta ta ƙarshe ita ce ɓul.

Kaka ta dube ta ta ce, "Ta gaji ne ta zauna. Wace tsohuwa ce ba ta yi?"

Na duba ƙamus biyu, na Faransanci da na Ingilishi, duk bakinsu ɗaya. Nutsewa ita ce ruwa ya rufe kan abu. Ruwa bai taɓa rufe kan Hortense ba. Wata agwagwa ta sauka a bakinta ta tsaya, ƙafarta a bushe. Abin da ya kai fasinjansa gaɓa, ya jira ya fita, sannan ya zauna a ƙasa da kansa a waje, ban san sunan da ƙungiya za ta ba shi ba, amma ba wanda ta rubuta ba ne.

Akwai abu ɗaya da ya rage, wanda wasu suka gani suka ce rashin kunya ce. Wataƙila ita ce. Daga gadar na wuce filin rabon kyaututtuka, ruwa yana zuba daga jikina, takalmana suna cakal-cakal. Ni ce wadda in malami ya kira sunana a aji sai kunnuwana su yi zafi. Na ratsa ta tsakiyar mutane. Ba a riga an kwashe sikelin ƙungiya ba, yana nan da faffaɗan katakonsa. Na hau, na tsaya a tsakiya, na rasa inda zan sa hannuwana.

Mista Zwicker ya ce, "Yarinya, sauko. Na kabewa ne."

Ban sauko ba. Sai ga Kaka tana tahowa, ta dafa hannun Fabien, mutane suna buɗa mata.

Ta ce, "Karanta, Wendell."

"Madam Amirault, don Allah, ana kallonmu."

"Ai shi ya sa. Karanta, ko in aika a ɗauko maka tabarau?"

Ya duba. Ya ce, "Laba ɗari da goma sha takwas. Amma wannan ba nauyinta ba ne."

"Ban ce nauyinta ba ne. Lambar da ke jikin ambulanka, abin da kabewarka ta ci ne. Wannan abin da tawa ta ɗauka ne."

Babu wanda ya yi dariya. Babu kuma wanda ya tafa, kada in ƙara gishiri. Mista Zwicker ya ce maganar sai ƙungiya ta zauna. Har yau da nake rubutun nan ba ta zauna ba, takardar kuma tana nan a ƙofar kanti, ruwan sama ya jiƙa ta, amma kalmar ta ƙi gogewa. Ina kuma so a sani cewa a cikin laba ɗari da goma sha takwas ɗin, akwai kamar biyar na ruwan Fabien. Mun bar su a ciki. Shi ma ta ɗauka.

Marigayiya ta rasu ta bar Eulalie Amirault, wadda ta raine ta, ta kuma raini uwayenta kaf. Ta bar ni. Ta bar Fabien Amirault, wanda ya ce kada in sa sunansa a cikin wannan shirme, kuma shi ne ya shiga laka har ƙugu washegari ya kwaso ta gunduwa-gunduwa, ya ƙi yarda kowa ya taya shi. Ta bar yaɗonta a gona, ya bushe amma ba mu tuge ba tukuna. Ta bar zanen gado mai furanni shuɗi, wanda Kaka ta wanke ta shimfiɗa a gadonta, ta ce ba zai koma akwati ba. Fanka ta koma ɗaki. Sannan ta bar 'ya'ya masu yawa, farare, masu kauri, suna shanye a kan ragar taga a ɗakin girki, kuma Kaka ta latsa su ɗaya bayan ɗaya da babban yatsa, babu fanko a cikinsu sai kaɗan.

Iyalan suna godiya ga mai tarakta, da wanda ya ba da aron zarto, da agwagin tafki waɗanda suka zo gaisuwa tun kafin kowa, ko da yake sun ci wani sashe na mamaciyar. Ba mu riƙe su da komai ba. Muna kuma godiya ga yaron da ya ce in duba littafi. Na duba daga baya, ba a rubuta ba, shi ya sa nake rubutawa. Allah ya ba mu haƙurin rashinta, ya ba wasu haƙurin gyara kuskurensu.

Za a yi jana'iza ranar Asabar mai zuwa da hantsi, a gonar Kaka da ke bayan coci. Za a binne ta a daidai gurbin da ta kwanta, da murfinta mai tabo a sama, domin ta zama taki ga na baya. Ba a buƙatar furanni. Mai son kawo wani abu ya kawo buhun ciyawar teku ko na kashin doki, kuma kowa ya zo da shebur ɗinsa, namu biyu ne. Fada, limamin cocinmu, ya ce ba zai iya yi wa kabewa addu'a ba, amma zai zo cin abinci. Akwai gasasshen dankali da kaza irin na Kaka, da burodi da shayi. Babu abin da aka dafa da kabewa, kada wani ya tambaya.

Bayan binnewa za a ajiye ambulan a kan tebur a bakin gona. A jikin kowanne an rubuta 118 Amirault, da rubutun hannuna. Ba za mu jira Janairu ba, ba kuma za mu jira zaman ƙungiya ba. Wanda yake so ya ɗauka. Wanda yake jin tsoro ya ci abinci ya tafi, ba za a kalle shi ba. Madam Lorna Zwicker ta riga ta zo ta ƙofar baya ta karɓi nata. Ta ce kada in faɗa. Na ce mata zan yi tunani, kuma na yi.

Idan ma babu wanda ya ƙara ɗauka, a sani cewa jiya Kaka ta kira ni ɗaki ta ba ni gwangwanin tabar kakana, ta ce in zaɓi uku da kaina in sa a ciki. Na zaɓa. Ban iya riƙon fartanya ba, ina ƙyamar tsutsa, kuma rana tana sa ni ciwon kai. Kaka za ta zauna a kujera a bakin gona tana yi mini faɗa, Fabien zai ja ruwa. A watan Mayu zan shuka.

Ana gayyatar Mista Wendell Zwicker musamman. An keɓe masa kujera a gaba, kusa da Kaka. Ya zo da alƙalaminsa, kalma biyu ce kawai zai soke, tsinkensa kuma yana jiransa.

A sa takalmin roba, gonar akwai laka. Ba mai zurfi ba ce. Babu wanda zai nutse.